Idan Harsashi Ya Motsa, Wa Zai Biya?

Bayan damanar 2024, wani tsohon mushen lakwal da muka daɗe muna unguwa ɗaya ya aiko a kira ni in zo in ga abin da ya same shi. Mutumin nan ya share fiye da shekara 30 yana riƙe da alli, kuma abin da ya fita da shi daga aikin gwamnati bai wuce gida guda mai ɗaki huɗu ba. Da na isa sai na tarar gidan na nan tsaye, ruwa ma bai shiga ɗaki ba, har na fara yi masa barka. Ya kama hannuna ya zagaya da ni baya. Daga kusurwar taga wata tsaga ta tashi tana bin bulo kamar matakala har ƙarƙashin rufi, sama ta fi ƙasa faɗi, yaro na iya zura hannunsa ciki. Ƙofar ɗakin kuwa tun watan Satumba ta ƙi rufuwa.

Abin da ya sa ya kira ni shi ne yana da asirans, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira inshora. Banki ne ya sa shi yin sa lokacin da ya ci bashin gini, da ya gama biyan bashin kuma bai daina zubi ba, kowace shekara yana kai kuɗinsa. Ya kai kuka, aka aiko mai ƙiyasi ya duba, ya auna, ya ɗauki hoto, bayan ƴan makonni wasiƙa ta zo. An ce ɓarnar ta samo asali daga motsin ƙasa da kuma aibin gini, su biyun kuma ba sa cikin abin da aka yi alkawarin biya. Ba zan ambaci sunan kampanin ba, domin na zauna na karanta yarjejeniyar shafi bayan shafi, na ga ba su yi masa ƙarya ba. Abin da suka faɗa yana rubuce, da sa hannunsa a ƙasa. Wannan shi ya fi ci mini rai, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kowa ya san irin damanar da muka gani a shekarar 2024. Alƙaluman da hukuma ta bayar sun nuna mutane kusan 400 sun rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi ambaliya ta shafa, gidaje sama da 150,000 sun rushe. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube a farkon Satumba. A Maraɗi ruwan ƙarshen Agusta ya kashe mutane cikin gari. Sai da aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Amma fa waɗannan alƙaluma gidan da ya kwanta ƙasa suke ƙirgawa. Gidan da ya rage a tsaye harsashinsa ya goce, irin na mushen nan, ba ya shiga lissafin kowa, mai shi ba ya cikin jerin masu karɓar buhun shinkafa da tabarma, alhali kuwa kuɗin gyaran harsashi na iya kusantar kuɗin sabon gini. Irin waɗannan gidaje kuwa na su wane ne? Na ma'aikaci ne da ya yi shekara 15 yana ɗora bulo a kan bulo daga albashinsa, da ɗan kasuwar da ya zuba ribar shagonsa cikin siminti don ƴaƴansa su sami abin gado.

Bari mu fayyace abin da takardar asirans ɗin gida ta ƙunsa, tun da yawancin masu sa mata hannu ba su karanta ta ba. Ginshiƙinta gobara ce. Ƴan kasuwa sun san darajar wannan tun ranar da babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. A kan gobara ake ƙara sata, da fashewar gilashi, da diyyar ɓarnar da gidanka ya jawo wa maƙwabci, da abin da suke kira ɓarnar ruwa. A nan ne mutane ke faɗawa rami. Mai gida ya ji an ce ruwa, sai ya ɗauka ruwan sama ne da na gulbi. Ina! Ruwan da ake nufi shi ne na famfon da ya fashe cikin bango, ko wanda ya yoyo ta rufi. Ruwan da ya taso daga titi ko daga kogi ya shigo gida ambaliya ce, ita kuwa sai an saye ta daban da ƙarin kuɗi, in kampanin ya yarda ya sayar. Can ƙasa kuma akwai jerin abubuwan da aka cire: lotsawar ƙasa, tsagewar bango da ba wani hatsari na farat ɗaya ya kawo ta ba, tsufan gini, rashin kula, da aibin da ke cikin ginin tun ranar da aka yi shi.

Kada a ce na zo yi wa kampanoni lauya, amma dalilinsu ba na banza ba ne. Sana'ar asirans a kan tsautsayi aka kafa ta, wato abin da zai iya faruwa ko ya ƙi faruwa. Mutum dubu su yi zubi, gobara ta sami uku, a biya ukun daga kuɗin dubun. Harsashin da aka haƙa taƙi biyu a cikin laka kuwa ba tsautsayi yake jira ba, lokaci kawai yake jira. Laka tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan rani ya yi, kowace shekara gini na hawa yana sauka a kanta, ɓangare guda ya fi ɗaya, har ranar da bango zai gaji. A ƙasa mai rairayi kuma ruwan indararo da ke zuba gindin katanga, ko ramin shadda da aka haƙa dab da bango, shi ke kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi a hankali. Ƙara da buhun siminti da ya kamata ya ba da bulo 30 da ƴan kai aka matsa masa ya haifi 50, da ƙarfen da aka rage don a sami na cefane. Babu kampanin da zai karɓi ƴan jikkuna a shekara ya ɗauki nauyin wannan, in ba yana son ya rufe ƙofa ba.

To, in ba kampanin asirans ba, wa zai biya? Doka ta amsa wannan tambaya tun kafin a haifi kakanninmu. Kundin dokar zaman jama'a da muka gada daga Faransa, a sashe na 1792 da na 2270, ya ɗora wa mai zanen gini da ɗan kwangila alhakin ginin da suka yi har tsawon shekara 10. Idan ginin ya lalace, duka ko wani sashe, saboda aibin aiki, kai ko da saboda aibin ƙasar da aka gina shi a kai ne, su za a tambaya. A lura da wannan gaɓa ta ƙarshe. Doka ba ta yarda ɗan kwangila ya ce ƙasar ce ba ta da kyau ba, domin sanin ƙasa aikinsa ne, shi ya kamata ya duba kafin ya haƙa.

Doka ce mai kyau, sai dai ba irin ginin da muke yi aka rubuta ta dominsa ba. Wa ke ɗaukar mai zane? Wa ke rubuta kwangila? Ma'aikaci ya karɓi albashi ya sayi siminti buhu 10, ya kira magini ɗan unguwa, a yi ciniki da baki, a yi sahu biyar a tsaya sai wani wata. Bayan shekara uku wani magini dabam ne zai ɗora a kan aikin na farko, na uku ya yi rufi. Ranar da bango ya tsage, na farko ya tafi Libiya ko Agadas neman kuɗi, na biyu ya ce shi a kan abin da ya tarar ya ɗora, na uku ya ce rufinsa lafiya lau. Shekara 10 ɗin ma daga ranar da aka karɓi aiki ake ƙirga ta, mu kuwa ba mu da ranar karɓar aiki, ranar tarewa muke da ita. Ko an kama ɗan kwangilar an kai shi gaban alƙali an ci nasara, me za a samu a hannunsa? Cebur biyu da baro. Shari'a ta ba ka gaskiya, bango kuma yana nan a tsage.

Faransawan da suka bar mana wannan doka sun ga raminta, suka cike shi. A 1978 suka yi dokar da ta tilasta wa duk mai sana'ar gini ya yi asirans a kan alhakinsa na shekara 10, ta kuma tilasta wa mai gida ya yi nasa kafin a fara aiki, yadda idan gini ya lalace kampani zai fara biyan kuɗin gyara, daga baya ya je ya nemi mai laifi. A 1982 suka ƙara wata a kan bala'o'in da ba hannun mutum: duk wanda ya yi asirans ɗin dukiya ana ƙara masa wani kaso a kan zubinsa, kuɗin su taru, gwamnati ta tsaya a baya, idan aka yi ambaliya hukuma ta ayyana garuruwan da abin ya shafa a biya mutane. Tun daga 1989 suka shigar da tsagewar gidaje da farin ƙasa mai laka ke jawowa cikin wannan tsari. Abin ba kyauta ba ne, kason da ake ƙarawa ya tashi daga 12 zuwa 20 cikin ɗari a farkon 2025 saboda yawan ɓarna. Ban kawo wannan don in ce mu kwafo Faransa ba, mun kwafo abin da ya ishe mu. Na kawo shi don a ga cewa alhakin da babu kuɗi a bayansa magana ce kawai.

Yanzu mu zo ga wanda ba a cika ambata ba idan ana rabon laifi. Wa ya yanka filayen? Mai gida bai tashi da dare ya kafa turaku a bakin korama ba. Da rana tsaka ya je biro, ya biya kuɗi, aka ba shi takarda mai hatimi da lambar fili. Da yawa daga cikin ma'aikata ma ba su zaɓi wurin ba, sun tuna lokacin da gwamnati ta kasa biyan bashin albashin da ya taru a shekarun 1990, ta biya wani sashe da filaye, kowa ya karɓi inda aka nuna masa. An yanka fadamu, an yanka tsofaffin tafkuna da aka cike da shara, an yanka hanyar ruwa, ba tare da an haƙa magudana ko guda ba. Mutanen Yamai sun ga yadda aka matse kwarin Gunti Yena da gine-gine, sun kuma ga abin da kogi ya yi wa Lamorde da Kirkisoy da Saga a 2020. Mutanen Maraɗi kuwa ba sa buƙatar a ba su labari, domin garin da suke ciki yau a kan tudu an tayar da shi ne bayan da Gulbi ya cinye tsohon gari a 1945. Waɗanda suka yi mulki a wancan zamani, duk da abin da muke tuhumarsu da shi, sun gane cewa ruwa ba ya manta hanyarsa. Mu da muka karɓi mulkin kanmu sai muka koma muna sayar da hanyar ruwan, mita bayan mita, kowace gwamnati ta zo ta yanka nata, ta farar hula da ta soja.

Hukumar da ta sayar da fili ta kuma ba da izinin gini tana da hannu cikin tsagar bangon, ko ta yarda ko ta ƙi. Saboda haka abin da nake nema gare ta ba sadaka ba ne. Kafin a yanka sabuwar unguwa, a gwada ƙasarta sau ɗaya, a kan kuɗin mai yankawa, a manna sakamakon a bangon biro kowa ya gani: nan laka ce, harsashi sai ya kai zurfi kaza, can hanyar ruwa ce, ba a gini. Muna da ma'aikatar gwajin ƙasa da kayan gini a Yamai, muna da injiniyoyi da ke zaune ba aiki. Gwajin da ya fi ƙarfin mutum guda, idan aka raba shi kan fili 500 bai kai kuɗin buhun siminti nawa ba. Sa'an nan duk ginin bene, da duk ginin da jama'a za su shiga, shago ne ko lakwal ko gidan haya, kada a sa hannu a izininsa sai an ga kwangila a rubuce da takardar asirans ɗin ɗan kwangila ta shekara 10. Amfanin wannan ya wuce biyan diyya. Kampanin da ya san shi zai biya idan gini ya zube, zai aiko mai dubawa tun ana haƙa, kuma mai dubawan da kuɗin ubangidansa ke cikin rami ya fi wuyar saye da goro.

Na san abin da za a ce. Za a ce gidajen da suka rushe a 2024 galibinsu na ƙasa ne, na talakawan da ba su da na abinci balle na zubi, don haka wannan magana ta masu ƙoshi ce. Gaskiya ne gidan tubali da yaɓe ba ya cikin lissafin kampanoni, kuma maganinsa magudana ce da fili a kan tudu da gindin bango na dutse ko siminti. Amma ma'aikaci da ɗan kasuwa su ne inuwar dangi. Ranar da ruwa ya ci ƙauye, gidansu ake sauka. Idan nasu harsashin ya goce, mutum 20 ne suka rasa mafaka. Ƙari a kan haka, ita kanta gwamnati ta san amfanin abin. Ta taɓa yin zubi a asusun haɗin gwiwar ƙasashen Afirka na fari, ARC, kuma a farkon 2015 aka biya ta kusan dala miliyan 3 da rabi ta Amurka bayan damanar da ba ta yi kyau ba. Abin da ta yarda da shi don gero, me zai hana ta tsara shi don gidaje?

Za a kuma ce malamai na da magana a kan asirans, saboda jahiltar abin da ake saye da kuma kuɗin ruwa da ake juya zubin da shi. Magana ce mai nauyi, kuma ita ta hana alhazai da yawa kusantar abin in ban da na mota, wanda ɗan sanda ke tambaya a kan hanya. Sai dai ƙungiyar CIMA, wadda ƙasarmu ta sa hannu aka kafa ta a Yawunde a 1992, kuma kundinta ya fara aiki a 1995, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2019, wato tsarin taimakekeniya da kuɗin zubi ke zama na masu zubi, kampani ya zama mai riƙo da lada. Ba shi da nisa da adashen da matanmu ke yi, ko asusun da ƴan kasuwar layi guda ke tarawa idan gobara ta sami ɗayansu. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, da ƙungiyoyin ƙwadago da suka iya tsayar da ƙasa cik a kan albashi, suna da yawan da za su zauna da kampani su yi cinikin yarjejeniya guda ta mutum dubbai, a sa ambaliya ciki da sunanta. Abin da za a hana mutum guda, da wuya a hana dubu biyar.

Su ma kampanonin ba zan sake su haka nan ba. Kundin CIMA ya ce duk sharaɗin da ke cire wani abu daga alkawari ba ya aiki sai an rubuta shi da harufan da ke fitowa fili sosai. Madalla. Amma babban harafi na Faransanci me ya amfana wa alhajin da bai yi lakwal ba, ko ma mushen da ya yi amma ba harshen lauyoyi ya koya ba? Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To, ga wurin da za a gwada ko maganar ta wuce takarda. A tilasta wa kowane kampani ya haɗa yarjejeniyarsa da shafi guda cikin Hausa, da Zabarmanci ga mai so, mai cewa ga abin da za mu biya, ga abin da ba za mu biya ba, kuma dillali ya karanta wa mai saye kafin ya karɓi ko dala. Wanda ke sayar da laima ya kamata ya faɗa maka inda ta huje.

Kafin mahukunta su motsa, wanda Allah kaɗai ya san ranarsa, mai gida na da abin da zai yi wa kansa. Wanda ke da takarda ya ɗauko ta yau ya nemi kalmar ambaliya da ta motsin ƙasa, ya ga a wane jeri suke. Ya sani tun 2011 ƙa'ida ita ce sai an biya zubi alkawari ke fara aiki, zancen zan kawo ƙarshen wata ya ƙare. Ya duba darajar da ya faɗa, domin wanda gidansa ya kai miliyan 20 ya rubuta miliyan 10 don zubi ya yi sauƙi, ranar da ya yi asarar miliyan 4, miliyan 2 za a ba shi, kuma doka na bayan kampani. Idan ɓarna ta auku, ya sanar a rubuce cikin kwana 5, ya karɓi shaidar an karɓa, ya tuna kuma bayan shekara 2 ƙofar ƙara ta rufe. Kada ya yi gaggawar shafe tsaga da siminti kafin a zo a gani, wannan shafe hujja ne. Ya ɗauki hoto, ya ɗan manna siminti siriri a kan tsagar ya rubuta kwanan wata a gefe. In mannin ya tsage bayan ƴan makonni, ginin na ci gaba da tafiya ke nan, sai a fitar da yara daga ɗakin a nemo injiniya.

Wanda bai fara gini ba kuwa shi ne mai sa'a. Ya je filin cikin Agusta bayan an ɗauke ruwa, ya ga inda ruwa ke kwana, ya tambayi tsofaffin wurin me ke nan kafin a yanka. Ya rubuta takarda tsakaninsa da magini, ko da shafi guda ce, da zurfin harsashi da yawan ƙarfe da shaidu biyu, ranar da aka gama kuma a rubuta wata a sa kwanan wata.

Mushen da na ba ku labarinsa ya kwashe iyalinsa daga ɗakin baya, ya tokare bangon da itace biyu. Injiniyan da ya duba ya ce sai an haƙa ƙarƙashin harsashi gaɓa-gaɓa a zuba sabon kankare, ya kuma faɗi kuɗin da ya haura fanshonsa na shekara biyu. Maginin da ya yi masa aikin ya rasu tuntuni. Takardar filin tana cikin akwati da hatiminta, kuma da wa'adin sabunta asirans ya zo an aiko masa da tuni.